Wankin Kayan Inji da Sautin da Kunne Ba Ya Ji

An shirya wannan ƙasida ne domin Hakimai da malamansu, waɗanda a kan kai wa maganar injunan jama'a in sun ɓaci. Tun daga gyaran ƙananan hukumomi na 1976 baitulmali da ma'aikatar ayyuka suka bar hannun En'e, amma har wa yau in motar noma ta ƙungiya ta tsaya ana tsakiyar huɗa, ko injin rijiyar burtsatse ya ƙi tashi da bazara, ƙofar Hakimi a ke fara zuwa. Shi zai sa a yi karo-karo, malaminsa ya rubuta, a kwance abin da ya ɓaci a ba wani amintacce ya kai Kaduna. In takardar makanike ta komo, wani lokaci a kan tarar an sa kuɗin wanki a ciki, kuɗi kuwa ba kaɗan ba. Daga nan sai gardama ta tashi a zaure. Waɗansu su ce an cuce su, wane irin wanki ne wannan, ga ruwa ga sabulu a gida? Waɗansu kuma su ce da ma sabo aka saya aka huta. Hakimin da ya san yadda wankin nan ya ke, da abin da ya ke iyawa da abin da ya fi ƙarfinsa, shi ne zai raba gardamar ba tare da an zalunci makanike ko an yi asarar kuɗin talakawa ba.

Kogin Kaduna ya raba garin gida biyu. Manyan masana'antu a kudancin kogi aka kafa su, wajen Kakuri: masaƙar Kaduna Textiles a 1957, wadda ta daɗe da daina aiki, da ma'aikatar ƙera makamai a 1964, da ta harhaɗa motocin Peugeot a 1975. Arewacin kogi kuwa mazaunin Gwamnati ne tun 1917, sa'ad da aka ɗauke hedkwatar Arewa daga Zungeru. Amma a nan arewa ɗin ne aka buɗe makarantar koyon sana'a a 1956, wadda ta zama Kaduna Polytechnic a 1968, kusa da ita kuma ga kasuwar Panteka ta masu aikin ƙarfe, ga garejojin Kurmin Mashi da Mando da Kawo. Saboda haka wanda ya taho da kayan inji daga wajen Zariya ko Birnin Gwari ba lalle ne ya haye gada ba. A cikin irin waɗannan wurare, musamman wajen masu gyaran famfon man dizal da injekta, a ke samun tankin wankin da za a yi bayaninsa.

Dauɗar da hannu ba ya kai gare ta

Ko wane injin dizal yana da waɗansu 'yan ƙarafa kamar ɗan yatsa, ɗaya a kan ko wane fistin, waɗanda makanikai ke kira nozul. Aikin nozul shi ne ya fesa mai cikin inji ya zama kamar hazo, domin dizal ba ya kama wuta sosai sai an watsa shi ya gauraya da iska. A bakinsa akwai kafofi, galibi 4 zuwa 8. Faɗin ko wace kafa a tsofaffin motocin noma bai wuce kashi 2 ko 3 cikin 10 na milimita ba, watau kaurin gashin kai uku ko huɗu, a injunan zamani kuwa ta fi haka ƙanƙanta. A ciki akwai allura mai buɗewa da rufewa, ratar da ke tsakaninta da gidanta kashi 2 zuwa 4 ce cikin 1,000 na milimita. Wata ƙwayar ƙurar hunturu guda ɗaya ma ta fi ratar nan girma.

Bakin nozul yana cikin wuta ne muddin inji na aiki. Ɗan man da ya saura a bakin sai zafi ya toya shi, yau kaɗan gobe kaɗan, har ya zama ƙanzo baƙi mai tauri, kamar yadda tuwo ke kamawa a gindin tukunya. In mai ya daɗe a duro ruwa ya taru a ƙarƙashinsa, sai tsatsa ta shiga. In matatar mai ta tsufa, ƙura ta wuce. Kafa ɗaya ta toshe, wata ta karkace, mai ya riƙa fita tsiri-tsiri maimakon hazo. Alamunsa ba su ɓuya ga kowa ba: baƙin hayaƙi, da wuyar tashi da safe, da shan mai fiye da kima, da kasa jan garma a ƙasar da a da ya ke ja ba wahala. Kafiretar ƙaramin janareta da ta injin ban ruwa mai shan fetur ita ma haka ta ke, hanyoyin cikinta sirara ne, fetur in ya bushe a ciki ya kan bar wani abu kamar ƙaro.

Wankin da aka saba da shi kowa ya gan shi a gareji. Yaron makanike ya zuba fetur a daro, ya sa buroshi da tsumma, ya tsinko waya daga igiyar birkin keke yana sakace kafofin. Buroshi bayan ƙarfe kaɗai ya ke wankewa. Waya kuwa ta fi dauɗar ɓarna, gama in ta ƙara wa kafa faɗi ko da kaɗan ne, ba mai iya mai da ita yadda ta ke. Ga kuma haɗarin gobara, ga hannun yaro da ke jiƙe da fetur tun safe har la'asar, fetur kuwa yana ɗauke da wani sinadari da likitoci suka tabbatar yana cutar da jini da ɓargo in an daɗe ana shaƙarsa. Abin da a ke bukata shi ne wani buroshi wanda zai shiga duk inda ruwa ya shiga. Masana sun same shi a cikin sauti.

Sautin da ya wuce ji

Sauti kaɗawa ne. In makaɗi ya bugi ganga fatar tana rawa, tana tura iska tana janyo ta, turawar nan da janyowar su ke tafiya har su iske kunne. In rawar ta yi sauri sai murya ta yi siriri, shi ya sa mai kalangu ke matse tsarkiya in yana so muryar ta hau. Fiffiken sauro yana kaɗawa wajen sau 500 a sakan ɗaya, shi ne kukan nan da ke hana barci. Kunnen ɗan Adam yana jin abin da ya kama daga kaɗawa 20 zuwa 20,000 a sakan, wannan ma ga yaro ne, dattijo ba ya kai wa can. Abin da ya haura 20,000 yana nan, yana tafiya, yana da ƙarfi, sai dai kunne ba ya kama shi. Kare yana jin wani sashe nasa. Ƙaramin jemagen nan mai cin ƙwari, mai kwana a rufin soro, da shi ya ke neman hanya cikin duhu: ya yi kuka, kukan ya bugi bango ya komo masa. Tun wajen 1794 wani malami a Italiya, Spallanzani, ya gane da kunne jemage ke tafiya, amma sai a 1938 aka sami na'urar da ta kama kukan a Amurka. Manyan jemagun da ke rataye a itatuwa suna cin 'ya'yan itace ba su cikin wannan, da ido da hanci su ke kiwo.

Ɗan Adam ya sami hanyar yin irin sautin nan ne daga wani dutse. A 1880 waɗansu 'yan'uwa biyu a Faransa, Pierre Curie da Jacques Curie, suka tarar in an matse wani farin dutse mai ɗaukar ido, dangin ƙanƙarar dutse, sai ya ba da wutar lantarki kaɗan. Ba da daɗewa ba aka ga abin yana juyuwa: in an ba dutsen wuta sai ya miƙe ko ya tsuke. To, in wutar tana juyawa sau dubbai a sakan, dutsen ma zai yi rawa sau dubbai. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko, wajen 1917, wani Bafaranshe mai suna Paul Langevin ya yi aiki da wannan dabara domin neman jiragen yaƙi masu tafiya ƙarƙashin teku. A wurin gwajinsa aka ga ƙananan kifaye na mutuwa in sun gitta ta gaban na'urar, aka san lalle sautin nan ba na jin labari kaɗai ba ne, yana iya taɓa abu. Hoton cikin da a ke yi wa masu juna biyu a asibiti jikan wannan aiki ne, amma nasa sautin yana kaɗawa sau miliyoyi, ƙarfinsa kuma kaɗan ne ƙwarai.

Abin da ke cin farfela

Sauti ba shi ne ke wankin da kansa ba, yana ta da mai wankin ne. Mai wankin kuwa an fara saninsa a matsayin maɓarnaci. Wajen 1894 aka gwada wani sabon jirgin yaƙi na Ingila mai suna Daring, ya kasa kai gudun da aka lissafa masa. Maƙeransa, Thornycroft da Barnaby, suka bincika, a 1895 suka bayyana cewa farfelar tana juyawa da saurin da ruwa ba ya iya bin bayanta, sai ruwan ya yage, ramuka su buɗe a cikinsa. Daga baya aka riƙa ganin farfelun tagulla suna fitowa da zanzana kamar gara ta ci su. A 1917 Lord Rayleigh ya yi lissafin abin, ya nuna in irin ramin nan ya rufe, ruwan da ke kewaye da shi yana haɗuwa da ƙarfin da ya isa ya ɓantari ƙarfe.

Masu noman rani a fadama sun san cutar nan ko da ba su san sunanta ba. In an ajiye injin ban ruwa can bisa gaɓa nesa da ruwa, ko ciyawa ta toshe bakin mesa, sai a ji yana ƙara kamar an zuba masa tsakuwa. Ba tsakuwa a ciki. Ruwa ne ke yagewa yana rufewa a jikin farfela, in aka bar shi haka kuwa kafin rani ya ƙare farfelar ta rarake.

Mai son ya ga yagewar ruwa da idonsa ya nemi sirinji marar allura wurin malamin asibiti. A ɗebo ruwa rabi, a toshe bakin da ɗan yatsa, a ja da ƙarfi. Nan da nan ƙwayoyin kumfa za su bayyana kamar ruwan na tafasa, alhali da sanyinsa. A saki, sai a ji ya koma da ƙara, kumfan ya ɓace. Dalili shi ne tafasar ruwa ba ga zafi kaɗai ta dogara ba, har da nauyin da ke danne shi. A bakin teku ruwa na tafasa a digiri 100, a Jos inda ƙasa ta yi tudu iska ta yi sauƙi yana tafasa wajen digiri 96. In an ɗauke masa nauyin gaba ɗaya, ko ruwan randa ne zai tafasa.

Yadda tankin ya ke aiki

Wajen shekarun 1950 masana'antu suka fara mai da wannan ɓarna ta zama aiki. Injin wankin ba shi da wani kwarjini. Tanki ne na ƙarfe marar tsatsa, wani bai fi kwanon sha ba, wani kuwa ya kai a nutsar da kan injin babbar mota. A ƙarƙashinsa, ta waje, an manna waɗansu fayafai na wani irin tangaran mai halin dutsen nan na su Curie, ya ma fi shi. Wutar lantarkin gari tana juyawa sau 50 a sakan. Wani akwati a cikin injin ya kan mai da ita ta juya sau 40,000, fayafan su kama rawa, gindin tankin ya bi su. Motsin bai kai ido ya gani ba, amma ya isa ya tura ruwa ya janyo shi sau 40,000 a ko wane sakan.

A ko wace janyowa abin da ya faru a sirinji shi ke faruwa. Ruwa ya yage a inda ya fi rauni, watau inda akwai ɗan ɓurɓushin iska ko tsaga ko dauɗa, ƙwayar kumfa ta buɗe. Ta yi ta girma ana turawa ana janyowa, har ta kai kaurin gashi ɗaya ko biyu, sa'an nan turawa ta zo ta murƙushe ta. Cikinta kusan wofi ne, ba abin da zai tare ruwan, sai ya rufto ta ko wane gefe. Masana sun auna zafin da ke tashi a tsakiyar ƙwayar a wannan ƙiftawa, ya kai wajen digiri 5,000, kusa da zafin fuskar rana. Kada wannan ya firgita mai karatu. Wurin ƙanƙane ne, lokacin kuma bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na sakan ba, ruwan tanki ɗumi kawai ya ke ƙarawa a hankali.

Abin da ya fi amfani ga wanki shi ne ƙwayar da ta rufe a jikin ƙarfe. Tun da ya ke ƙarfe ya tare gefe ɗaya, ruwan ta ɗaya gefen ya ke shigowa, ya zama wani ɗan tsinken ruwa ya soki ƙarfen da gudun da ya haura kilomita 300 a awa. Guda ɗaya ba ta yin kome. Amma dubbai ne a ko wane lokaci, a ko wane lungu. Wanda ya taɓa tsayawa a mabuga ya ga yadda masu bugu ke bin ɗinkin riga da sanda har ba inda ya saura, ya sami misalin abin, sai dai nan sandunan ba su ganuwa, kuma suna shiga kafar da ko allurar ɗinki ba ta shiga. Sukar tana tsaga ƙanzo, ruwa ya shiga ƙarƙashinsa, ya ɗaga shi, ya fita da shi. Ƙarar da a ke ji in tanki na aiki, kamar kukan gyare, ƙarar ƙwayoyin kumfa ce, sautin kansa ba ya jiyuwa.

Saurin kaɗawar yana da nasa hukunci. In an rage shi zuwa 25,000 ƙwayoyin sun fi girma, dukansu ya fi nauyi, wannan ya dace da manyan ƙarafa masu kaurin ƙanzo. In an ɗaga shi zuwa 80,000 ko fiye, sai su ƙanƙance su yi taushi, domin kayan agogo da tabarau da kayan lantarki. Na 40,000 shi ne tsaka-tsaki, shi ya fi yawa a garejoji. Akwai kuma wani aibi da ya kamata a sani. Sauti na tafiya wajen mita 1,500 a sakan cikin ruwa, in ya bugi fuskar ruwan sai ya komo ya yi karo da mai tasowa, tankin ya kasu hawa-hawa, inda aiki ke da ƙarfi da inda ya mutu, tsakaninsu bai kai santimita 2 ba. Injuna masu kyau su kan riƙa sauya saurin kaɗan-kaɗan domin hawan ya motsa. In inji ba shi da wannan, sai makanike ya riƙa ɗaga kwando yana juya kayan. Wanda ya zuba kaya ya tafi shan shayi, rabin wanki ya yi.

Ruwan da a ke zubawa ruwa ne da sabulu na musamman, ana ɗumama shi zuwa digiri 50 ko 60, zafin da hannu ba ya jimrewa da daɗewa. Sabulu na narkar da maiƙo, kumfa na fasa abin da ya daskare, ɗaya ba ya wadatarwa ba tare da ɗaya ba. In zafi ya matso kusa da tafasa aikin ya kan ragu, gama ƙwayoyin na cika da tururi su rufe da laushi. Sabon ruwan famfo ma haka, iskar da ke cikinsa tana zama wa kumfan matashi, shi ya sa a ke barin inji ya yi minti 5 zuwa 10 yana korar iska kafin a sa kaya. A da masana'antu na amfani da waɗansu sinadaran wanki masu saurin bushewa, amma yarjejeniyar da ƙasashen duniya suka ƙulla a Montreal a 1987 ta sa aka bar waɗansunsu domin suna lalata rufin sama da ke tare zafin hasken rana, wannan na cikin abin da ya sa wanki da ruwa da sauti ya yaɗu. Fetur kuwa ko kusa ba a zuba shi a tankin nan. Girgiza da ɗumi na ta da tururinsa, ga wutar lantarki a ƙarƙashi.

Kaya a cikin kwandon waya a ke sa su, a rataye, kada su zauna a gindin tanki su danne rawar. A karkata su yadda iska ba za ta maƙale a kafa ba, domin inda ruwa bai shiga ba wanki bai shiga ba. Kayan da ba su yi dauɗa ƙwarai ba minti 3 zuwa 10 ya ishe su, ƙanzo mai tauri ya kan ci minti 20 ko fiye. Ba a kunna inji ba ruwa, fayafan za su ƙone. Ba a tsoma hannu yana aiki.

Abin da ya fi ƙarfinsa

Nan ne gardamar zaure ta fi tasowa. Tankin nan dauɗa ya ke cirewa, ba ya mai da ƙarfen da ya cinye. In yashi ya goge allura, ko an daɗe ana zuba dizal da aka gauraya da kananzir har santsinsa ya ragu ƙarfe ya ci ƙarfe, ko waya ta buɗa kafa, to, nozul zai fito fes yana ƙyalli, amma yoyonsa na nan. Makaniken da ya wanke irin wannan ya ce ya gyaru ya yi ƙarya, ko bai san aikinsa ba. Haka kuma wanda ya ce a sayi sabo alhali bai wanke ya gwada ba, ya yi gaggawa da kuɗin mutane, gama sau da yawa ƙanzo ne kurum.

Wankin da kansa yana iya ɓarna in an yi sakaci. Abin da ya ci farfelar jirgi bai sāke hali ba don an sa shi a tanki. Alminiyam da tutiya, waɗanda da su a ke yin kafireta, suna da laushi, in sun daɗe a ciki su kan yi zanzana, in an zuba musu soda mai ƙarfi kuwa sai su yi baƙi su zaizaye. Fenti mai rauni ya kan saɓule. Giris mai kauri yana shanye dukan kumfa, sai an kankare shi da hannu tukuna. Ko wace allura kuma da gidanta aka ƙera su tare, in an zuba na fistin huɗu wuri ɗaya aka rikita su, an kashe duka huɗun. Injektocin motocin dizal na zamani, irin da aka fara sa wa ƙananan motoci a 1997, suna da kayan lantarki a kansu, waɗannan bakinsu kaɗai a ke tsomawa, ko a kwance su a wanke ƙarfen dabam.

Gani ya kori ji

Tun da ya ke kunne ba ya jin sautin, mai kaya na iya cewa ina shaidar injin na aiki? Tambayar tana kan hanya, gama fayafai su kan saki ko su mutu, tanki ya ci gaba da ƙara da ɗumi kamar lafiya lau. Gwajin ba shi da tsada. A sami fallen alminiyam marar kauri, irin wanda a ke naɗe abinci da shi, a yanko kamar tafin hannu, a riƙe shi tsaye cikin ruwan da ɗan maƙami har minti ɗaya. In inji na da rai, fallen zai fito da ƙuraje da 'yan huji ko ina. In ya fito sumul, ruwan ɗumi kawai a ke sayarwa. In hujin ya taru gefe ɗaya, waɗansu fayafan sun mutu. Makanike mai gaskiya ba zai ƙi wannan gwaji ba.

Bayan wanki a kan ɗauraye kaya da ruwa mai tsabta, a busar da su da iskar famfo, a tsoma su nan take cikin dizal mai kyau, domin ƙarfen da aka raba da maiƙonsa ya kan fara tsatsa kafin a daɗe. Sa'an nan sai gwaji na biyu, wanda shi ne hukunci. Akwai wani famfon hannu mai agogo da a ke ɗaura nozul a kai. A danna, agogo ya hau, a tsofaffin injuna wajen ma'auni 200, watau ninki 100 na iskar tayar ƙaramar mota, sai nozul ya buɗe da 'yar ƙara ya fesa. Ya kamata wakilin Hakimi ya tsaya ya gani. Hazo zai fito ta ko wace kafa daidai wa daida, ya tsaya tsaf, bakin ya zauna a bushe. In yana ɗiga, ko wata kafa na tsartuwa, wanki bai warkar ba, sai sabo. Amma fa a yi nesa da feshin, kada a kai hannu, gama yana huda fata ya shiga nama, wanda ya same shi kuwa asibiti za a kai shi a ranar ko da raunin bai fi cizon sauro ba.

Saboda haka ana roƙon malaman Hakimai, in za a aika da kaya, su rubuta wa ɗan aike abin da zai tambaya: ko an gwada kafin wanki, ko an gwada bayansa, nawa agogo ya nuna ga ko wane ɗaya. A sa wa ko wane nozul lambar fistin da aka cire shi. Wanda aka ce ya mutu a komo da shi gida tare da sabon, kada a bar shi a gareji. Ruwan da aka yi wanki da shi kuwa yana ɗauke da baƙin mai da garin ƙarfe, lambatun Tudun Wada da Kurmin Mashi kuma kogi su ke gangarawa, saboda haka ya kamata masu garejoji su bar shi ya kwanta, su kwashe man da ya taso a duro.

In kaya sun komo gida a bar su cikin naɗinsu sai ranar ɗaurawa, a ɗaura su a inuwa inda iska ba ta kaɗawa, ba a bisa turɓaya ba. A sāke matatar mai a ranar, domin tsohuwar ita ce ta bar dauɗar ta wuce tun da fari. Duron dizal kuma a jingine shi a karkace ya kwana biyu kafin a ɗiba, ruwa da laka su kwanta a gindi, a riƙa ɗiba ta sama. Malam ya rubuta ranar wanki a littafin inji, da ranar da aka sāke matata, da yawan man da injin ke sha a yini bayan gyara, domin a gwama shi da na watan baya.